Tan Talatin a Gangaren Gada

Ƙarfe tara da minti shida na safe wayar ofis ta yi ƙara. Injiniya ta ɗauka da hannun hagu, na dama bai bar kwamfuta ba.

"Nan ne kamfanin taswirar waya?" Muryar namiji ce, yana haki, ana jin hon ɗin motoci a bayansa. "Daga ofishin hanyoyi nake. Ruwan jiya ya ci ƙafar tsohuwar gada, ta tsage. Ƙananan motoci muna barinsu su wuce ɗaya bayan ɗaya, amma duk abin da ya haura tan biyar kada ya zo. Taswirarku kuwa sai turo mana manya take yi. Yanzu muka tsayar da wata tanka da ƙyar, tayoyinta har hayaƙi suke."

"Ba ku sa shinge a mararraba ba?"

"Mu biyu ne a nan, Malama, da jan ƙyalle guda. Motar da ta ɗauko shingen tana tsallaken kogi, cunkoso ya riƙe ta."

"Ka ba ni minti biyu," ta ce, ta ajiye wayar.

Ta san wurin sarai, domin ita ta zana shi. A mararraba titi ya rabu biyu. Dama sabuwar hanya ce mai zagayen kilomita ashirin. Hagu kuwa gangare ne siriri mai tsawon kilomita biyu, da kwana a ƙarshensa, kana fita daga kwanar sai gada. Babbar mota in ta sa kai gangaren nan babu wurin juyawa, in kuma tana ɗauke da kaya, birki sai ya ga dama yake kamawa.

Ta buɗe rumbun bayanai, inda kowane yankin titi yake da shafinsa. Ta nemo shafin gada, ta rubuta iyakar nauyi tan biyar, ta aika. Aikin da ta saba yi kafin shayinta ya huce.

Allo ya amsa mata: Gyaranki yana layi. Akwai 11,408 a gabanki.

"Dogo!"

Dogo ne mai kula da saba, wato injina huɗun da ke ɗakin gilashi suna ɗauke da taswirar gaba ɗaya. Ya turo kujerarsa mai tayoyi har gefenta ba tare da ya tashi ba, ƙafafunsa na jan ƙasa.

"Kin gani ke nan? Tun ɗazu nake jira ki gani da kanki, don in na faɗa sai ki ce ƙorafi ya yi min yawa. Injina uku suna casa'in da takwas cikin ɗari. Fankokinsu kuka suke kamar za su tashi sama."

"Wa ya cika min layin gada?"

"Jama'a. Maɓallin Manaja."

Wata uku da suka wuce Manaja ya sa aka ƙara maɓallai biyu a manhajar, ta yadda duk direban da ya zo wuri zai iya danna "a rufe" ko "a buɗe". Yana ji da su kamar 'ya'yan fari. Dogo ya nuna mata abin da suke haifarwa yau. Mai babbar mota ya iso gada, an hana shi, ya danna a rufe. Mai ƙaramar mota ya wuce lafiya, ya ga taswira na cewa a rufe, ya ji haushi, ya danna a buɗe. Wasu ma sau goma suke dannawa. Kuma duk sa'ad da gadar ta sauya, injinan sai sun sake lissafa hanyar duk wanda ya nufo ta.

"Tun ƙarfe takwas gadar nan ta rufe ta buɗe sau dubu uku," in ji Dogo. "Kowa gaskiya yake faɗa, kuma gaskiyar tasu ce za ta kashe mu."

"A tsallakar da nawa gaba."

Dogo ya ɗaga doguwar yatsarsa ya nuna bango. Takarda ce manne da selotef, rubutun hannunta da jan biro: BABU MAI TSALLAKE LAYI, KO UBAN GIDA NE. Ita ta rubuta bara, ranar da Manaja ya cusa kantin surukinsa gaban layi, unguwa guda ta ɓace daga taswira har la'asar. Ba rubutu kawai ta yi ba, ta ɗaure injin ta yadda ba zai yarda ba.

"Ke kika gina ramin, kuma ba ki gina shi gajere ba," Dogo ya ce. "In za a kwance, sai an kashe rumbun an kunna. Minti ashirin da biyar, in Allah ya so mu."

"Layin fa, in an bar shi?"

"Awa ɗaya da rabi."

Sai a lokacin ta tuna da abin da ya kamata ta fara tunawa. Ta jawo wayarta, ta buɗe shafin iyali, inda 'yan gidansu ke ganin inda kowa yake. Ga ɗigon Mama a gida. Ga nata a ofis. Ga na Yaya, shuɗi, yana tafiya a babban titi, layin hanyarsa ya miƙe gabansa, ya shiga hagu a mararraba, ya gangara, ya hau gada.

Ƙarƙashin ɗigon an rubuta: saura minti goma sha tara ya kai mararraba.

Yaya direban tirela ne, yau kuma siminti ya ɗauko, tan talatin, shi kaɗai, domin abokin tafiyarsa na jinya. Babu wanda ya yarda da taswirar nan kamarsa. Muryar da ke cikinta muryar ƙanwarsa ce. Shekara huɗu da suka wuce ita ta shiga ɗakin ajiyar ofis, aka rufe ƙofa da bargo, ta yini tana karanta "juya dama", "juya hagu". Shi kuwa duk tashar da ya tsaya sai ya ƙure ƙarar waya, ya ce wa direbobi, "Kun ji Autarmu. A gida ni nake ba ta umarni, a mota ita take ba ni." Ko ranar Asabar da suka kai Mama wurin likitan ido a ƙaramar motarta, da wayarsa ya dage a bi hanya, wai tasa ta fi jin magana.

Ta kira shi. Saƙo ya dawo nan take: Ina tuƙi, zan kira in na tsaya.

Wannan ma aikinta ne. Tun ranar da ya goge katangar wani yana amsa kiran Mama, ta saita masa waya ta daina karɓar kira muddin mota na motsi, ta sa shi ya rantse ba zai taɓa saitin ba. Yaya kuma ba ya karya rantsuwa.

Dogo ya leƙo, ya ga ɗigon, ya gyara zama.

"Wannan ba Yayanki ba ne?"

"Shi ne. Manyan motoci nawa ke nufo mararrabar?"

Ya danna, ya duba. "Arba'in da uku."

"To. Babu mai jin kiranmu a cikinsu, amma duk suna jin taswira. Da ita za mu yi magana."

Ta zuba wa allon ido. Gada ja wur, lambar layinta na hawa. Sai idonta ya koma baya kaɗan, kan siririn titin da ya haɗa mararraba da gada.

"Dogo, layin nan na wa ne?"

"Na gada mana."

"Na gada kaɗai. Kowane yanki da layinsa. Wa ke danna maɓalli a kan gangare?"

Dogo ya dubi allon. "Babu kowa. Wa ke da hannun danna waya a gangaren nan?"

Ta buɗe shafin gangare. Layinsa fayau, ko mutum ɗaya babu. Ta rubuta iyakar nauyi tan biyar, ta aika. Kafin ta ɗauke yatsa allo ya ce an karɓa. Babbar mota in an hana ta gangare, an hana ta gada ke nan, tunda babu wata hanyar isa can.

"Ba ki tsallake layi ba, kin bi ta bayan gida," Dogo ya ce yana dariya. Dariyar ba ta daɗe ba. "Amma akwai saura. Gyaran ya shiga rumbu, bai isa wayoyi ba. Sai injinan sun sake lissafa wa kowane direba hanya, su kuma suna baya da minti ashirin da biyu."

Ta dubi waya. Saura minti goma sha uku.

"Ka ce injina uku ke kuka. Na huɗu fa?"

"Na huɗu yana hutawa. Manaja ya keɓe shi tun jiya, shi ke zana babban allon ɗakin taro. Yana da baƙi, masu kamfanin jigilar kaya. In suka yarda da mu, motocinsu ɗari biyu za su koma taswirarmu. Ya ce ko gobara ce kada a taɓa masa."

"Za ka iya ba injin nan manyan motoci kaɗai?"

"Arba'in da uku? Kafin ki ƙifta ido. Amma kulle yake da lambar Manaja."

Ta riga ta miƙe.

Ɗakin taro na ƙarshen baranda. Ba ta ƙwanƙwasa ba. Manaja na tsaye gaban allo mai faɗin bango, da sandar nuni a hannu, ga baƙi uku a teburi, a tsakiyarsu wata dattijuwa mai farin gilashi tana juya biro. A kan allon birnin duka na ƙyalli, wajen gada kuwa ɗigo-ɗigo ja da kore na fashewa kamar tartsatsi.

"Ku dubi nan," Manaja ke cewa. "Rahoto dubu goma sha ɗaya a wuri guda cikin awa ɗaya! Jama'a da kansu ke gyara mana taswira. Babu wanda yake da irin wannan." Ya juyo ya gan ta, murmushinsa ya tsaya cak. "Injiniya, muna taro."

"Na gani, ranka ya daɗe. Ina son injin na huɗu. Yanzu."

"Bayan taro."

"Bayan taro ba zai yi min amfani ba. Gadar da kake nunawa ta tsage. Manyan motoci arba'in da uku na kan hanyarta, taswirarmu ce ke kai su, na farkonsu ya kusa mararraba. Na gyara rumbu, ina buƙatar injin da zai kai gyaran wayoyinsu. Allon nan zai mutu na minti goma."

Manaja ya matso, ya rage murya har haƙoransa na haɗuwa. "Kin san wata nawa na yi ina neman mutanen nan? Sai ki shigo ki kwance min zani a kasuwa?"

"Lambarka nake so, ba faɗa ba."

Dattijuwar ta ajiye biro. "'Yata, a cikin arba'in da ukun nan akwai namu? Mun ba direbobinmu ashirin manhajarku su gwada wannan makon."

Injiniya ta kira Dogo, ta sa wayar a lasifika. "Dogo, motocin gwajin baƙinmu nawa ne a ciki?"

"Bakwai," muryarsa ta cika ɗakin. "Biyu tankokin mai ne."

Dattijuwar ta cire gilashi ta dubi Manaja.

Manaja ya gyara wuyan rigarsa. "Abin da nake shirin nuna muku ke nan," ya ce da ƙarfi. "A nan rayuwar direba ce gaba da komai. Injiniya, me kike jira?" Ya sunkuya kan kwamfutarsa ya buga lambar. Babban allon ya yi baƙi ƙirin.

Ta koma teburinta da gudu, dattijuwar na biye da ita, Manaja na biye da dattijuwar. Saura minti bakwai.

"Ya karɓa," in ji Dogo. "Ku kalla."

A allonsa layuka arba'in da uku ne shuɗɗa, duk sun karkata hagu. Na farko ya yi tsalle ya koma dama. Na biyu. Sai goma a tare. Dogo na ƙirgawa da ƙarfi yana buga teburi. Cikin rabin minti ya ɗaga hannu biyu sama.

"Arba'in da uku cif! Ga ta farko can ta iso mararraba... ta juya dama!"

Manaja ya fara tafi. Injiniya ba ta taya shi ba, domin wayarta take kallo. Ɗigon Yaya na tafe, layinsa na nan yadda yake: hagu, gangare, gada.

Saura minti biyar.

"Dogo, ba ya cikinsu."

"Ba zai yiwu ba. Duk babbar motar da..." Ya nemo asusun Yaya, ya tsaya. "Injiniya, a nan an rubuta ƙaramar mota."

Ranar Asabar ta faɗo mata a rai gaba ɗaya. Suna cikin motarta, Mama a baya da auduga a ido, wayar Yaya na ta zagaye da su ta manyan tituna domin ta ɗauka tirela ce. Ita ta fizge wayar, ta ce, "Kawo nan, ka ga motata ta yi kama da tirela?" Ta sauya saitin zuwa ƙaramar mota. Ba ta mayar ba.

"Ni ce," ta ce. "Za ka iya sauya masa daga nan?"

"Asusun mutane a kulle suke, sai mai shi. Ke kika..."

"Na sani, ni na kulle. Matsa."

Ta buɗe shafin shiga asusu, ta sa lambar wayar Yaya. Kalmar sirri. Ita ta buɗe masa asusun, ta sa masa lambar motarsa a matsayin kalmar sirri. Ta buga. Ba daidai ba.

"Ya sauya," in ji Dogo. "Sau uku ake gwadawa, daga nan ya kulle awa ɗaya."

Ta buga sunan da Mama ke kiransa da shi. Ba daidai ba.

Saura minti uku.

"Kira matarsa," Manaja ya ce.

"Tana aji, wayarta na jaka."

Dattijuwar ta dafa bayan kujerar. "Shekara talatin ina aiki da direbobi, 'yata. Sukan manta ranar haihuwar 'ya'yansu, amma ban taɓa ganin wanda ya manta abin da ya rubuta a bayan motarsa ba."

Injiniya ta ga bayan tirelar a idonta, koren fenti da manyan baƙaƙe masu ado, waɗanda Yaya ke wankewa da hannunsa duk sati. Ta buga a hankali, harafi bayan harafi, babu tazara: sannubatahanazuwa.

Shafin ya buɗe.

Irin mota: babba. Nauyi: tan talatin. Ajiye.

"Injin na huɗu ya gan shi," Dogo ya ce cikin raɗa.

Layin shuɗin ya ɓace. Daƙiƙa ɗaya, biyu, uku. Ya dawo, ya lanƙwasa dama.

Saura minti ɗaya da 'yan kai. A can cikin tirela, ta sani, muryarta na cewa, "Nan da mita ɗari biyar, juya dama." Shekara goma Yaya na bin hagu a wurin nan. Ɗigon ya rage gudu, ya rage, ya zo daidai inda titin ya rabu, ya yi kamar ya tsaya.

Ya bi dama.

Dogo ya zame daga kujera ya zauna a ƙasa. Manaja ya ciro hankici. Injiniya ta ɗauki kofin shayinta da ya daɗe da hucewa, ta shanye shi tas, ta ajiye.

"Tashi, Dogo, ba mu gama ba. In asusun Yaya na da wannan kuskuren, akwai wasu. Tura gargaɗi ga duk wayar da ta nufo mararraba, babba da ƙarama, cewa gangare ba ya ɗaukar fiye da tan biyar. Sannan ka rufe maɓallan nan a kan gada, layin ya samu ya sauka." Ta juya ga Manaja. "Ranka ya daɗe, maɓallanka biyu ba su isa ba. Akwai titin da yake a buɗe ga wani, a rufe ga wani. Muna buƙatar na uku."

"Dama ina da wannan tunanin," in ji Manaja.

"Na san kana da shi."

Dattijuwar ta mayar da gilashinta. "Allon can na ɗakin taro a bar shi a kashe," ta ce. "Na ga abin da na zo gani. Mu je mu yi maganar motoci ɗari biyu."

Goma da rabi ta wuce wayar Injiniya ta yi ƙara. Yaya ne, ana jin injin tirela na huci a tsaye.

"Auta! Wace irin hanya kika jefa ni yau? Kilomita ashirin na zagaya, ramuka kamar an yi yaƙi. Na ga kiranki. Lafiya? Mama ce?"

"Mama lafiya lau. Ka ji muryar ta ce dama, me ya sa ba ka yi gardama ba?"

"Na yi mana! Na zage ki tas, ni kaɗai a mota. Amma na ce yarinyar nan ba ta taɓa ɓatar da ni ba, ba yau za ta fara ba. Me ya faru da gadar?"

"In ka dawo zan ba ka labari. Kuma Yaya, ka sauya kalmar sirrinka."

"Ke wa ya faɗa miki ita?"

"Duk wanda ya taɓa bin bayan motarka ya karanta ta."

Yana cikin faɗan cewa ba ta da kunya, allon kwamfutarta ya yi ƙyas. Saƙo ne daga shafin gada, na gyaran da ta aika tun tara da minti takwas: Layi ya zo kanki. An karɓi gyaranki.